Mai Haƙoran Dakar a Gaban Rake

Na sauke buhun gero na huɗu a kasuwar Dogon Dutsi, ina huce gajiya, sai ga wani saurayi tsaye gaban Inna Hasiya mai rake. Siriri ne, da wandon kaki irin na sababbin ma'aikatan da suka gaji kujerun Faransawa. Yana ta shafa haƙoransa da harshe. In zai yi magana hannunsa kan tashi zuwa baki, sai ya tuna ya mayar. Ina jin tun yana yaro ake kiransa zomo saboda fitowar haƙoransa.

"Mushe, saye za ka yi ko gadi?" in ji Inna, tana kiransa malam da Faransanci.

"Inna, tsoro nika ji. Shekara biyu likita a Dakar ya ɗaure min haƙora da waya don su miƙe. Duk wata ya ƙara matsewa, in yi kwana uku sai kunu. Rake da goro, ya hana. Wancan mako aka cire wayar."

"To, in fere maka?"

Ya ce a'a. Ni dai ba na yarda da gyara sai na ga an ɗora masa kaya. Ya zaɓi gaɓa mai kauri, ya kafa haƙora, ya ja. Ɓawon ya tsage har ƙasa. Ya taɓa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya motsa.

Sai dariya, baki buɗe, ruwan rake na bin haɓarsa, hannun bai ko tashi ba.

"Inna, ƙaro biyu!"