Rediyon Kawu da Aikin Tafinta

Tun safe na kasa zama. A asibitin da nake tafinta, likita ta ce da Faransanci in gaya wa wani dattijo ciwon ɗansa ya yi nisa. Sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Ina digiri na biyu, duk sanda na je gidansa a Toranke sai ya murɗo tashar Faransanci in riƙa fassara masa muna ɓarar gyaɗa, ƙurar ɓawo na shiga hanci. Ran nan labarin yaƙi ne, na sassauta fassarar. Ya ce, "Muryar mutumin nan na rawa, taki lafiya lau. Faɗi yadda ya ce, bar sa sukari."

Na faɗa wa dattijon, muryata na rawa.

Allah Ya jiƙan ka, Kawu, Ya jiyar da kai albishir ba tafinta.