Rautar Anti Ladi

Kafin a san ni da sata, ni mai gyaran waya ne a unguwar Bosso, kuma ba na jin kunyar cewa na iya aikina. Ko tebur ba ni da shi sai da wata mata 'yar garin Gwada, Anti Ladi, ta ba ni gefen shagonta na fotokwafi. Ba addininmu ɗaya ba, ba yarenmu ɗaya ba, amma matar nan ta riƙe ni kamar ƙaninta. Makullin shago yana hannuna. Lambar sirrin rautarta, wato na'urar nan mai raba intanet ba tare da waya ba, ita da kanta ta faɗa mini. Duk wanda ya tambaye ta sai ta ce, "Wannan yarona ne, ba ya taɓa kayan mutum."

Masifar ta fara ne da wani ɗalibi da ya sayi rauta ta hannu, takardar da aka rubuta masa lambobin sirrin ta ɓace. Ya yi ta gwada sunan mai ita, ya gwada ɗaya zuwa takwas, duk a banza, sai ya kawo mini ita. Na juya bayanta, na ga wani ɗan rami kamar idon allura. Na sa tsinken sakace na danna na riƙe, har fitilun suka mutu suka dawo. Shi ke nan, ta manta da tsohon mai ita. Muka shiga da lambar kamfani da ke manne a ƙarƙashinta, muka sa mata sabon suna. Yaron ya riƙa kallona kamar na yi tsafi.

Labari ya bazu. Kowa ya zo, maganar ɗaya ce: "Na manta lambar." Haba! Mutum ya kawo guda uku a mako, duk ya manta? Ni ma na san ƙarya ce, amma ban taɓa tambaya ba. Daga baya sai na ce wa kaina, ni ke da tsinke, don me wani zai fi ni cin riba? Sai na shiga satar rauta da kaina, na fara da ɗakunan ɗalibai lokacin hutu, na koma ofisoshin da ake kirana gyara.

Wata Lahadi, Anti Ladi tana coci, na buɗe shagon da makullin da ta ba ni, na ɗauke rautarta, na fasa kwaɗon don a ce ɓarayi ne. Makon rajistar ɗalibai ne, lokacin da ta fi samun aiki a duk shekara. Da safiyar Litinin na taya ta salati, har da zagin ɓarawon. Washegari na kasa haɗa ido da ita, sai na aika cewa zazzaɓi ya kwantar da ni.

To ku ji wautar da har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina. Na kai rautar ɗakina a unguwar Fadikpe, na jona ta da wuta, ban goge ta ba. Ni! Ni da aikina ke nan! Tun da na san lambar, sai na ce bari in ɗan more tukuna, gobe na danna. Tsinken yana nan a kan tabarma, kusa da ƙafata.

Ran Laraba da la'asar na ji sallama. Anti Ladi ce, ta hau keke mai ƙafa uku tun daga Bosso da kular farfesu, ta zo duba mara lafiya. Na tura rautar ƙarƙashin gado, na ja bargo. Tana zama wayarta ta fara ƙara, saƙo na bin saƙo.

Ta ce, "A'a, ni da ba ni da data tun Lahadi?"

Ta duba. Wayar ta gane rautarta, ta haɗa kanta da kanta. Ga sunan shagonta ɓaro-ɓaro a sama. Ba ta yi ihu ba. Ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gadon, inda fitilu ke ta ƙyaftawa, ga kuma rautocin wasu mutane jibge a gefe.

Ta ce, "Ka ci farfesun, kada ya huce." Ta fita.

Na wasu ɗin nan ne suka kai ni gidan yari. Watannin farko, wallahi ba nadama nake ba, haushin tsinke nake ji. Kullum ina cewa da na danna da ban zo nan ba. Sai da na daɗe kafin in gane cewa da na danna, da har yau ina sata, ina cin abincin matar nan.

Da aka sake ni na tuba, na koma gyara a ƙarƙashin wata bishiya. Ran nan sai ga Anti Ladi da rautar a leda. Ta daɗe a hannun hukuma a matsayin shaida, wani ya canza lambobin, ba wanda ya san su. Ta ce, "An ce har yanzu kai ka fi iyawa."

Na sa tsinke na danna, na riƙe, fitilu suka mutu suka dawo. Na buɗe wurin sa sabuwar lamba a waya, na ce, "Anti, me zan rubuta?"

Ta karɓi wayar daga hannuna, ta ce, "Juya bayanka."

Na juya. Ina tsaye ina kallon titi, ina jin ƙarar yatsunta, hawaye na zuba.

Samari, in wani ya zo muku da kayan hannu yana cewa ya manta lambar, ku tambaye shi inda ya samo. In kuma wani ya yarda da ku har ya ba ku makullinsa, ku riƙe da kyau. Rauta 'yan daƙiƙu take ɗauka ta manta komai. Anti Ladi ta yafe mini, tana gaishe ni, tana kawo mini aiki, amma yau shekara uku ke nan, duk lokacin da za ta danna lamba sai na juya baya.