Hannun da Ya Kai Kunne

Kakata, wadda ta haifi mahaifinmu, ba ta yarda da duk abin da ke tafiya ba tare da ya ci ciyawa ba. Saboda haka ranar da kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, ya aiko garinmu Dudunni cewa zai zo da mota ya kai mu yara kasuwar Kankiya mu wuni mu ga gari, murnarmu ba ta kai bakin zaure ba Kaka ta tsinka ta.

"Banza ba ta kai zomo kasuwa," in ji ta, tana duban mahaifiyarmu. "Tun yaushe ƙanenki ya tuna shina da ɗiya gidan ga?"

Zamanin Turawa ne. Kawu yana tuƙa kitikar wani mai sayen gyaɗa, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya da benci biyu. A shekarar kuma magana ta cika gari cewa an ce kowane mai gari ya ba da yara a kai makarantar boko a Kankiya. Da yake ba wanda ya san ranar haihuwarsa, ga yadda ake gane wanda ya isa: a ce yaro ya ɗora hannu ta bisa kansa ya kamo kunnen ɗaya gefen. In yatsu sun kai, an rubuta shi. A wurin Kaka, yaron da aka rubuta ya tafi ke nan, zai dawo yana fitsari a tsaye, yana ƙyamar hauya.

Mu uku ne. Ni ne babba, haƙorana na gaba sun riga sun zube. Ƙanena yana bi mini, siriri mai tsawo kamar karan dawa, bai ko fara famfara ba. Shi ne ɗan lelen Kaka, ba ta kiransa sai da "angona". Sai autarmu, wadda ba ta daɗe da iya magana ba, amma tun da ta iya ba ta huta ba.

Jajibirin tafiyar da la'asar Kaka ta ja ni bayan rumbu. Ta ce in ɗora hannu. Na ɗora, yatsuna suka kama kunnen cas. Ta buge hannun.

"Haka za ka yi mani gobe? Sake. Ƙanƙame kahwaɗa, kada gwiwar hannu ta tashi. Yauwa, tsaya nan tsakiyar kai. Ko wa ya ce ka miƙa, iyakarka ke nan. Kuma in na ji maganar ga bakin wani, ni da kai ne."

Ta sa na yi ya fi sau goma. Ƙanena kuwa ko ta kansa ba ta bi ba, don a ganinta yaron da bai zubar da haƙori ba ba mai kallonsa.

Da hantsi mota ta iso, rabin unguwa na biye da ita. Kawu ya durƙusa ya gaida Kaka, ya fito da huluna sababbi guda biyu, ɗaya tawa ɗaya ta ƙanena. Kaka ta juya su ciki da waje kamar tana neman laya. Sannan ta ɗauko mayafinta ta ce da ita za a tafi. Kawu ya ce, "To madalla, Inna, ai ya hi daɗi." Ta gaya mini daga baya wai kafin ya faɗi haka sai da ya ƙifta ido sau biyu, kuma ita ta gani. Mahaifinmu bai ce komai ba ban da Allah ya kiyaye hanya.

Kawu ya buɗe mata gaba, ta ƙi. Ta hau baya tare da mu, ta zauna daidai 'yar tagar da ake hango ƙeyarsa. Ya murɗa ƙarfen nan na gaban mota har gumi ya keto masa, motar ta yi tari ta kama, Kaka ta ja salati, muka tashi.

Ba mu wuce tsamiyar bakin gari ba autarmu ta ce, "Mun iso?" Ta sake tambaya a gonar mai gari, ta sake a rijiya. Can ta lura itatuwa suna gudu baya, ta fashe da kuka wai suna komawa gida sun bar mu. Kafin mu kai Kusada ta amayar da kokon da ta sha a zanen Kaka. Ƙanena ya ce fitsari, aka tsaya, ya sauka ya yi tsaye yana kallon ƙadangare, ya ce fitsarin ya koma. Muka tashi, ya ce ya dawo. Ni da shi kuma muka kama faɗa a kan wanda zai zauna a bakin benci inda ake ganin hanya sosai. Kaka ta raba gardamar yadda ta saba: ta ba angonta. Na ji haushi ƙwarai, na haɗiye.

Ƙarshen damina ne, an girbe gero, dawa tana tsaye, hanya duk kwazazzabai ce da yashi. Tafiyar da yau ba ta kai a ce an zauna ba, a ranar ta ci mana rabin wuni. Duk abin da Kawu ya yi kuwa Kaka tana da fassararsa. In ya yi sauri, yana da alkawari da wani. In ya rage gudu, yana jiran wani ya cim mana. A Kusada wani mutumin Mawashi ya tsayar da shi suka yi magana ƙasa-ƙasa, ta ƙwanƙwasa tagar.

"Mi ya ce?"

"Buhun wake yake so in kai mishi Kankiya, Inna."

"Wake ne ake raɗa a kanshi?"

Ya miƙo mana alewa, ta karɓe ta fara lasa, ta jira ta ga ba ta mutu ba, sannan ta raba mana. Ni ma a lokacin na fara ganin ƙeyar Kawu ba ta yi mini kama da ta mai gaskiya ba. Zargi yana yaɗuwa kamar ƙaiƙayi.

Bayan Kusada muka zo wani rafi, mota ta fara huci, tururi na fita ta hanci. Kawu ya ce lagireto yana son ruwa. Ya ɗauki garwa ya gangara, ya dawo ya ɗage murfin gaba ya cusa kansa ciki. Kaka ta sauka da autarmu don ta wanke zanenta. Aka bar ni da ƙanena a baya.

"Mi Kaka ta sa ka yi jiya bayan rumbu?" in ji shi. Ashe ya leƙo.

Na ce ba ruwansa. Ya sake tambaya, ya kuma sakewa, yana taɓa ni da ƙafa, yana zaune a wurin da nake ganin nawa ne. Ya ce ai ma ya kusa ya fi ni tsawo, kowa na faɗa. Wannan ce ta ƙona ni. Na tuna gargaɗin Kaka, don haka ban gaya masa gaskiya ba, na gaya masa abin da ya fi gaskiyar muni.

"Gwajin manya ne. Wanda hannunshi ya kai kunne ta bisa kai ya zama namiji. Kai jariri ne, ba ka iyawa."

Ya gwada nan take, saura kaɗan. Na yi masa dariya har da nuna shi da yatsa. Daga rafin nan har Kankiya hannunsa na bisa kansa, yana miƙawa, yana karkata wuya. Kaka ta ɗauka sabuwar hularsa yake dafewa kada iska ta ɗauke, har tana yaba masa hankali.

Mun shiga Kankiya ana kiran azahar. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka ba. Mun ga manyan motocin Kano suna wucewa Katsina, mun ga mai wasa da kura, mun ci tsire, mun sha rake har leɓunanmu suka tsage. Amma duk wannan na gan shi ne da hannu ɗaya, domin ɗayan yana cikin na Kaka, ta riƙe wuyansa har sai da ya yi shaida. Duk mai farar riga da ya dubo mu sai ta tura ni bayanta. Ƙanena kuwa yana gaba yana tsalle kusa da Kawu, ba mai tsaronsa.

Har la'asar ba abin da ya faru. Muka dawo gindin ceɗiyar da aka ajiye mota, na ji riƙon Kaka ya fara sassautawa. A nan ne wani mutum mai farar riga, da fensir a maƙale a kunne da littafi a hammata, ya ratso ya yi wa Kawu sallama irin ta wanda aka sani. Malamin makarantar boko ne. Ya gaida Kaka da ladabi, ta amsa da ƙyar. Ya tambayi 'ya'yan wane ne, sannan ya dube ni yana murmushi.

"Samari, ɗora hannu mu gani."

Na ƙanƙame kafaɗa, na ɗora, yatsuna suka tsaya a tsakiyar kai. Ya ce in ƙara, na yi nishi kamar mai ɗaga dutse, ban ƙara ko kaɗan ba. Ya yi dariya ya ce da saura, sai baɗi. Na ji Kaka ta sauke numfashi.

"Ni na iya."

Ƙanena ne. Kafin kowa ya motsa ya cire hula, ya ɗora hannu, ya kama kunnen ya riƙe gam. Ba malamin yake kallo ba, ni yake kallo.

Kaka ta fizgo shi. "Wanga ko hwamhwara bai yi ba, Malam. Buɗe baki ya gani."

"Ba haƙori aka ce mu duba ba, Iya," in ji malamin, yana zaro fensir. Ya tambayi sunansa da na mahaifinsa da garinsu, yaron ya faɗa da bakinsa, yana washe haƙoran nan da ba su cece shi ba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

A hanyar komawa ba wanda ya tambaya ko mun iso. Da aka tsaya a rafin nan, Kawu ya zagayo ya rantse da Allah bai san malamin zai zo ba, ya ce sau ɗaya ya taɓa ɗaukarsa zuwa Katsina.

"To wa ya koya mishi?" in ji Kaka. "Yaro ya san kama kunne daga sama? Kai ka ja shi gaba wuni guda."

Kawu ya juya ya koma gaban mota. Ni kuma na kafa ido a kan dawar da ke gefen hanya, tsoro ya hana ni buɗe baki. Washegari ta tambayi ƙanena, shi kuma don girman kai ya ce da kansa ya iya.

Bayan kwana goma sha wani abu aka aiko daga gidan mai gari, aka tafi da shi, aka ajiye shi a wani gida a Kankiya. Kaka ta yi kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Daga ranar ba ta ƙara yi wa Kawu doguwar magana ba. In ya zo gaisuwa daga bayan asabari take amsawa, da kalma ɗaya. Da ciwonta na ƙarshe ya tsananta ya zo da motar don ya kai ta asibiti, ya durƙusa a ƙofar ɗaki yana roƙo, ta ce ta gwammace ta mutu a tabarmarta da ta sake shiga motar maci amana. A tabarmar ta rasu, ina zaune kusa da ita, kuma ban faɗa ba.

Ƙanena bai dawo yana ƙyamar hauya ba. Shi ne ma ya koya mini baƙaƙen da nake rubuta wannan da su, a ƙasa, in ya zo hutu. Ko Kawu ya shirya da malamin, ko haɗuwa ce kawai, har yau ban sani ba. Jinin Kaka ne a jikina, wani lokaci nakan tuna ƙifta idon nan sau biyu in ce biri ya yi kama da mutum.

Sai da Kawu ya tsufa, ido ya hana shi tuƙi, ni ma na yi furfura, na same shi a zaurensa na gaya masa abin da na faɗa wa ƙanena a bakin rafi. Na ce ya yafe mini, shekara da shekaru yana ɗauke da laifina.

"Ai na ji ka," ya ce. "Ina zuba ruwa cikin lagireto. Murhin mota ba bango ba ne."

Na tambaye shi me ya hana shi faɗa, ko ranar da ya zo kai ta asibiti.

Ya shafa gwiwarsa. "Ni in ta tsane ni, ina da mota, sai in tahi. Kai ɗakinta kake kwana."