Kan Malamar Asibiti a Cinyata

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa, da idona na gan shi.

A shekarun da ruwa ya riƙa ɗaukewa gero bai nuna ba, ƙyanda kuma ta shiga yara, aka turo wata malamar asibiti ƙauyenmu, can bayan Tofa. Matar aure ce, mijinta ma'aikaci a birni. In ta ɗaga murya, har maza sai sun gyara tsayuwa. Ta karɓi haihuwa, ta rufe idon wanda kwanansa ya ƙare, ban taɓa ganin hannunta ya yi rawa ba.

Ni kuwa kitso nake yi. Wata Juma'a sai ga ta, ta ce a yi mata shuku. Ta kwantar da kai a cinyata, yadda kowace mace take yi. Kafin in kai rabi, na ji zanena ya jiƙe da hawaye. Ko shessheƙa babu. Na ci gaba da kitsona.

Da Juma'a ta zagayo ta dawo, kitso sabo fil, ta ce a tsefe.

"Malama, wannan ai ko amarya sai haka."

"Inna, tsefe dai. Ƙaiƙayi yake yi."

Haka muka yi ta yi, har gashin goshinta ya fara zubewa saboda ja. Ran nan na ajiye tsinke na ce, "'Yar nan, in na ƙara, da sanƙo zan mayar wa mijinki ke."

Ta fara dariya, dariyar ta maƙale. Ta ce, "To ina zan sa kaina? Maigidana bai rage ni da ci ko sutura ba. Amma kowa ciwonsa yake kawo mini, har shi, babu mai tambayar nawa. In na faɗa wa dangi, su ce na yi butulci."

Ikon Allah! Ashe wadda gari duka ya jingina da ita, ita a tsaye take kawai.

Na ce, "Kawo kan."

Daga ranar man shanu kaɗai nake shafa mata, tsinke a hannuna don masu shigowa su ɗauka aiki ake. Ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta koma wajen 'ya'yanmu.

Daga baya aka mayar da ita Ungogo, a can ta yi ritaya, na ji har da jikoki. Mijin ya rasu bai sani ba, Allah ya ji ƙansa. Ni kuwa yatsuna sun ƙage, na bar kitso. Iyakar abin da na gani ke nan.