Zoben Agwagwar Bature

"Ba inda za ki!" in ji Hajiya kakarmu jiya a Yalwawa, tana hararar ƙanwata Rukayya. "Ƙasar da ruwa ke daskarewa a randa?"

Rukayya ta samu gurbin karatu can ƙurewar arewacin duniya, wajen masu binciken tsuntsayen da ke ƙyanƙyasa a ƙasar ƙanƙara, su zo mana cin rani. Don ta lallashe ta, sai ta nuna mata hoto a waya: tsuntsu da ɗan zoben ƙarfe a ƙafa.

Tsohuwa ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙullin tsumma. Zobe ne irinsa sak, da rubutun boko.

Ashe mahaifinta ne ya kama agwagwar ruwa a fadamar Buji, zamanin da Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Sai da ya yanka ya ga zoben. Suka ɗauka kiwon Bature ce, aka cinye a ɓoye, aka rufe maganar har jiya.

"Hajiya, ai so suke wanda ya tsinta ya sanar da su," in ji Rukayya, tana danne dariya.

"Au! Jira suke? To tashi ki je, agwagwa ma ta yi tafiyar nan ba ko bargo. Ki kai musu kayansu, ki ce su yafe wa Baba. Zancen miya kuwa, kada in ji shi a bakinki."

Yau da kanta ta aike ni neman rigar sanyi.

Ku fa, wane sirri kakanninku suka ƙulle a tsumma?