Ba Garba Kanwa Ne Sunansa Ba

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yayana, Malam Garba na Kwarbai, amma har yau in aka ambace shi a mazaunin hira sai wani ya ce, "Wane Garban? Garba Kanwa?" A yi dariya. Na koyi riƙe alƙalami ne da furfurata a ajin yaƙi da jahilci, kuma ba don in rubuta gaisuwa na koya ba. Yau zan faɗi yadda aka yi.

Mahaifinmu ya bar mana lambu a cikin ganuwa, wajen Ƙofar Jatau: lemo mai aure, gwaiba, da tsohuwar mangwaro guda. Yaya ne ke kula da shi, daga nan gidan ke ci. Sai lemon ya fara ciwo. Bakin ganye ya yi ruwan ɗorawa, 'ya'ya na zuba tun suna ƙanana, waɗanda suka tsaya kuma tsami kamar tsamiya.

Wani baƙon malamin gona ya zo ya duba, ya yi bayani da Turanci. Ya ce bishiya tana ci ta ganye kamar yadda take ci ta saiwa, a jiƙa fotash a fesa mata. Mai fassara, ɗan unguwarmu ne da ya yi makaranta, bai ko yi jim ba ya ce, "Malam, kanwa yake nufi. Haka ake ce mata da Turanci."

Wa zai yi musu? Kowace mace ta san kanwa ke kashe tsami. Yaya ya dawo gida fuska a sake, yana ce mini, "Asabe, ashe maganin yana cikin madafinku!" Ya sayo kanwa ungurnu a kasuwa, ya jiƙa ta da kauri, ya aro famfon feshi, ya bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Guntun da ya kwanta a ƙasan tulu ya juye a gindinsu, don kada a yi asara. Ya ga ganye na ƙonewa, ya zaci cutar ce ta yi ƙarfi, ya ƙara.

Kafin damina lambun ya tsaya tsirara. Ƙasar gindin ta yi fari, ko ciyawa ta ƙi. Mangwaron kaɗai ta tsira, don famfon bai kai samanta ba.

Kanwa uwar gami, in ji masu magana. Daga baya muka ji cewa fotash ɗin taki daban, kanwar miya daban, suna ne kawai ya gama su a bakin 'yan boko. Malamin gona bai dawo ba. Mai fassara ya ci gaba da zuwa ofis da hularsa a karkace, yana cikin masu dariya. Yaya bai taɓa kama sunansa ba. Da na ce zan je in same shi har zaure, sai ya ce, "Bari, Asabe. Hannuna ne ya fesa." Ya daina zama a dandali, ya koma sallar asuba a sahun baya. Damina biyu ya ƙara a duniya. An ce hawan jini. Ni na san abin da ya hau.

Yanzu ku fita bayan gari ku gani. Waɗanda suka laƙaba masa sunan, su ne ke goye da famfo da yamma, suna fesa wa lemonsu farin garin nan na taki, suna yabon zaƙi. Da Yaya zai leƙo, me zai ce? Na san shi, murna zai taya su, ya tambayi cokali nawa ake sa wa a bokiti. Ni ban kai shi haƙuri ba. Shi ya fara yarda cewa ganye na da baki, lokacin da kuke cewa ya haukace. Shi ya faɗa ramin, ku kuka kewaye.

Me ya rage nasa? An yanka lambun filaye, an yi gini. Mangwaron tana nan a tsakar gidan wani, yaran da ke jifanta ba su san wanda ya raine ta ba. Ni kuwa tun daga shekarar nan kanwa ba ta sake shiga tukunyata ba, jikokina sun saba da miyar kuka haka nan.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta. Ku kuma, in za ku ce amin, ku kira shi da sunan da aka raɗa masa.