Ranar da Na Kashe Inji a Gangaren Gulbi

Assalamu alaikum, edita da masu karatu. A shekarun babban fari, lokacin da ake raba jar dawa ta taimako, ni matashin direba ne, ɗan wani ƙauye da ke bayan Tibiri. Ina da mata da 'ya'ya ƙanana, ga tsohuwata da ƙannena duk a wuyana. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, gonar gidanmu ba ta ba mu ko damin kirki ba, har tsohuwa ta sa aka rufe bakin rumbu don kada yara su riƙa leƙawa. Ina jan wata tsohuwar kamiyo, wato babbar motar kaya, ta wani Alhaji ɗan kasuwa a Maraɗi, kuma 'yar tiyar hatsin da nake kawowa daga wurinsa ita kaɗai ke sa a ga hayaƙi a gidanmu, alhali maƙwabta 'ya'yan anza masu ɗaci na daji suke jiƙawa suna ci. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na Alhajin ba. Ya riga mu gidan gaskiya, can za mu ƙarasa maganarmu.

Da aka fara shigo da hatsin taimako, masu rabon suka nemi motocin 'yan kasuwa su riƙa kaiwa ƙauyuka. Sai dai suka kafa sharaɗi cewa ba za a ba mota kaya ba sai direbanta ya yi wani horo na ƙarin sanin tuƙi da aka buɗe cikin Maraɗi, wanda ake yi wa waɗanda suka riga suka iya mota. Alhaji ya tura ni, ba don ya ƙaunace ni ba, don dai ya ga na fi sauran direbobinsa ƙuruciya da saurin ɗaukar abu. Na tafi ina hura hanci, ina ganin me ya rage a koya mini, ni da na sha ratsa rairayin Gazawa da kaya har sama. A can na tarar da direbobin 'yan kasuwa irina, da ma'aikatan buro, wato ofis, masu motocin kansu, har da wani likita.

Malamin da ke koya mana dattijo ne siriri, ba ya ɗaga murya. Ya nuna mana yadda ake ratsa cunkoson bakin kasuwa tsakanin amalanke da masu keke, da tazarar da mota mai kaya ke buƙata kafin ta tsaya, da yadda ake karanta hanya tun daga nesa. Amma abin da ya fi nanatawa shi ne maganar firi. Duk direban zamaninmu ya san firi: idan ka iso gangare sai ka fitar da giya, ka kashe inji, ka bar mota ta tafi da nauyinta don ka rage shan gazuwal, wato man manyan motoci. Malam ya ce wannan ɗabi'a ta kashe mutane fiye da yadda muke zato. Ya hau da mu wata babbar mota a filin horon, ya kashe inji, ya sa ni in yi ta taka birki ina sakewa. Da idona na ga allurar iska tana sauka, har na taka na ji ƙafata ta tafi a banza. Ya ce inji ne ke cika wa birki iska, tsohuwar mota kuwa tana yoyon iskar ko ba a taɓa ta ba, saboda haka wanda ya kashe inji a gangare ya miƙa ransa da na mutane ga sa'a. Na fito da takardar shaida, na kuma fito da wannan magana daram a zuciyata.

Alhaji ya karɓi takardar ya kai buron masu rabon, aka ba shi aikin. Ranar da zan yi tafiyar farko zuwa wajen Agiye, ya sa aka zuba mini gazuwal daidai yadda ya saba zubawa. To, ma'aunin nan nasa tun asali da firi aka yi lissafinsa, duk gangaren da ke hanya an cire shi. Na faɗa masa cikin ladabi cewa ba zai kai ni ya dawo da ni ba, tunda an hana mu kashe inji. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce shi ya tura ni in samo takarda ne, bai tura ni in dawo in koya masa sana'arsa ba. Na tafi na bi koyarwar Malam, kuma a hanyar dawowa mota ta tsaya mini cikin daji, sai da na kwana biyu kafin a kawo mini ɗauki.

Daga nan na zama abin dariya a tasha. Direbobi suka laƙaba mini suna direban lakol, wai direban makarantar boko. In na shigo sai wani ya miƙe ya sara mini kamar soja, wani ya tambaye ni ko in zan sha fura sai na duba allura. Waɗannan mutanen tare muka ci tuwo a kwano ɗaya, tare muka tura motocin juna a rairayi, amma babu ko ɗaya da ya ce wa Alhaji ai yaron nan yana da gaskiya. Da mota ta sake tsaya mini a wajen Sae Sabuwa, Alhaji ya kira ni gaban mutane ya ce ko dai ina sayar masa da mai, ko kuma karatu ya lalata ni, kuma in ta ƙara faruwa in ajiye masa mabuɗi, direbobi na nan birjik suna neman abin da za su ci. Da na koma gida na gaya wa matata. Sai ta dubi tukunya ta dubi yara. Har yau ina jin haushin kaina, amma ku gaya mini, wane ne zai ɗauki takarda ya dafa wa 'ya'yansa?

Tafiyar da ta biyo baya ta wajen Cadakori ce, da buhunan jar dawa har sama. Rana ta take sosai lokacin da na iso wani dogon gangare da ke sauka cikin gulbi. Na san abin da nake yi, ba mantuwa ba ce. Na fitar da giya, na murɗa mabuɗi, inji ya yi shiru, har na ji daɗin shirun. Hanyar duk ramuka ce, ina tafe ina ɗan taɓa birki ina sakewa, ina kallon allura tana sauka, ina ce wa kaina saura kaɗan. Da na karya kwana sai ga shanu a kan hanya. Ba garke ba ne, 'yan tsirarun da fari ya bari ne, ana kora su kudu, ƙasusuwansu duk a waje. Na taka birki ya amsa rabi, na ƙara takawa ya tafi a banza, irin tafiyar nan da ƙafata ta riga ta sani tun a filin horo. Na ja oda don in kori shanun, ita ma da iska take aiki, sai wani ɗan nishi ta yi. Na murɗa mabuɗi inji ya ƙi tashi. A lokacin ƙoshi saniya na jin mota take ba da hanya, amma waɗannan ko ɗaga kai da ƙyar suke yi. Na kauce wa wasu mata da ke tafe a gefe da ƙorai a ka, na bi ta kan shanun, mota ta je ta kwanta a rairayi.

Allah ya sa ba a rasa ran mutum ba, ni ma ƙafa kawai na karya. Mai shanun wani dattijon Bafulatani ne, shi da 'ya'yansa suka jawo ni daga cikin motar suka kwantar da ni a inuwa, suka ba ni ruwan da ya rage musu. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya wuce gawar sauran shanun ya je ya durƙusa gaban wata jar saniya da ƙashin bayanta ya karye tana numfashi sama-sama. Da Hausarsa ta Fulani ya ce mini waɗancan nasa ne, Allah ya ba shi Allah ya karɓa, amma wannan ba tasa ba ce, habbanaye ce. A al'adarsu mutum kan ba ɗan'uwansa aron saniya ya riƙe har ta haihu, ya ɗauki 'yan maruƙan ya mayar da uwar, kuma ita ake fara shayarwa, ita ake fara ba ciyawa. Ya ce tun daga arewa yake tafe da ita, har tabarmin bukkarsa ya warware ya ba ta ta ci, ya bar nasa suna faɗuwa, don dai ya mayar da ita hannun mai ita da rai. Ya tambaye ni, yana kira na ɗana, da wane baki zai gaya wa mutumin cewa yunwa ta bar ta mota ta kashe ta. Sannan ya juya ta gabas ya yanka ta da hannunsa.

Da aka je gaban jandarma masu binciken haɗarin, Alhaji ya iso da babbar riga da takardata a hannu. Ya shimfiɗa ta a kan tebur, ya ce a duba, shi ne ya ɗauki nauyin horon yaron nan, an koya masa kada ya kashe inji a gangare, to in ya kashe laifin wa ke nan? Na yi maganar ma'aunin mai, ya rantse bai san zancen ba. Aka kira direbobin tasha, kowa ya ce shi bai taɓa jin ana firi a motocin Alhaji ba. Wanda ya fi kowa sara mini a tasha shi ya fi kowa rantsuwa. Da ban yi horon ba da sai a ce jahilci ne, a yi mini sassauci, amma takardar da ta samo wa Alhaji aiki ita ta kai ni gidan kaso. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kafin in fito, matata ta kwashi yara sun bi ayarin masu tafiya kudu neman abinci, ƙaramar 'yarmu kuma ba ta dawo tare da su ba, a hanya aka binne ta. Aikin da na kashe inji don in tsare shi, shi ne na rasa, na rasa har abin da nake tsare shi dominsa.

Yanzu na tsufa, ina zaune bakin hanya ina kallon yara suna gangarowa da manyan motoci shiru, ba ƙarar inji, na san abin da suke yi. Ina kira ga direbobi, ku je horo in kun samu dama, abin da ake koyarwa gaskiya ne, ni shaida ne da ƙafata da nake ja. Amma in kun koyo, ku riƙe shi ko da za a yi muku dariya a tasha, domin masu dariyar ba za su tsaya muku ba ranar da ta ɓaci. In maigida ya ce ka zaɓi tsakanin birki da mabuɗi, ajiye masa mabuɗinsa tun da ƙafafunka biyu. Ku kuma masu motoci da ke tura yara horo don takarda kawai, kuna auna musu mai da ma'aunin da kun san ba ya kaiwa, ku ji tsoron Allah. Dattijon nan mai shanu ya yafe mini tun a bakin gulbi, kafin ma in roƙe shi. Na yi ta tambaya a kasuwannin dabbobi ko wani ya san mai jar saniyar, in je in gaya masa da bakina cewa amininsa bai ci amana ba, ni ne na kashe ta. Har yau ban same shi ba.